Ɗan Gida, Baƙo da Bare

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a layin da ke bayan Ƙofar Marke ya san Jelani, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda idan ka ce masa na'urarka ta ƙi yi, sai ya ajiye sukundireba ya dube ka ta saman gilashi, ya tambaye ka ƙin me ta yi: ƙin tashi, ƙin nuna hoto, ko ƙin karɓar rubutu? Ba rashin mutunci ba ne. Mutum ne da Allah ya halitta ba ya iya zama lafiya da abu ɗaya mai suna biyu, ko suna ɗaya da aka rataya wa abubuwa biyar. Maƙwabtansa na layi sun daɗe da sallama masa, suna tsokanarsa dai idan kasuwa ta yi sanyi.

Halin nan a gida ya gaje shi. Mahaifinsa Mamman baduku ne, irin dukawan da ke ɗinka jar fatar akuya ta zama jaka da matashi, kuma a rumfarsa yaron da ya kira basilla allura ya san kunnensa zai ji a jikinsa. Jelani bai gaji dukanci ba, hannunsa bai taɓa zama a kan fata ba, amma ya kwashe faɗan tsohon kaf. Ya yi kwalejin fasaha, ya ɗan taɓa aikin ofis, ya bar shi cikin fushi bayan ya gano cewa takarda guda tana yawo tsakanin tebura uku da suna uku, kowa kuma yana rantsuwa bai gan ta ba. Daga nan ya kama shago. A shagon ne wata rana wani dattijo daga Ƙofar Atiku ya kawo masa kwamfutar da wasu masu gyara suka ce sai an sake mata kayan ciki gaba ɗaya. Jelani ya hure mata ƙura, ya matse wata waya, ya ce babu abin da ya same ta. Dattijon shi ne Malam Abdulwahabu, jikan malamai, wanda ya ƙare aikin gwamnati yana fassara sanarwa daga Turanci zuwa Hausa. Bayan shekara biyu ya ba Jelani auren 'yarsa Khaula, kuma da dangi suka yi ƙananan maganganu a kan ɗan baduku, ya ce su kawo masa wani wanda ya taɓa mayar da ciniki saboda gaskiya.

Yawancin abin da ke shigowa shagon Jelani tsofaffin kwamfutoci ne, waɗanda ofisoshi suka yar da na gwanjo da ake saukewa a kasuwa. Manhajojin zamani sun yi musu nauyi, da an ɗora sai su yi ta nishi. Akwai kuwa wata ƙungiyar 'yan sa-kai, warwatse a ƙasashe, da ke haɗa wata babbar manhaja marar nauyi suna rabawa kyauta, ita Jelani ke ɗora wa tsofaffin nan su miƙe. Sai dai kafin a ɗora, dole a gina ainihin cikinta, wato ɓangaren da ke magana da ƙarafan na'urar kai tsaye, wanda masu gyara ke kira kanel. Ginin kuwa tambayoyi ne, dubbai. Wannan na'urar tana da irin kaza na kibod? Tana da irin kaza na sauti? Kowace tambaya amsarta ɗaya ce cikin uku: a gina abin a ciki ya zauna dindindin, ko a ajiye shi gefe a kira shi ranar da ake bukata, ko a bar shi waje gaba ɗaya. Dukansu da Turanci aka rubuta su, Turancin ma irin wanda ko malaman Turanci sai sun yi gumi. Masu gyaran Sakkwato da ka suke amsawa, su ce bisimilla su danna, in ta tashi alhamdu lillahi.

Wannan ya tsaya wa Jelani a rai har ya rubuta wa ƙungiyar cewa shi zai mayar da tambayoyin Hausa. Suka yi murna, suka buɗe masa hanya. Bai yi wata uku ba ya gane ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Khaula ce ta kawo shawara, da zuciya ɗaya, baiwar Allah. Ta ce tunda Baba ya yi ritaya ba shi da aiki sai zama a zaure yana gyara wa masu karanta labarai na rediyo Hausarsu, su kuwa ba sa jin sa, me zai hana a ba shi wani yanki? Jelani ya ce madalla. Ya ɗauki kwamfuta guda ya kai zauren surukinsa, ya koya masa inda ake dannawa, ya yanka masa ɓangaren kibod da sauti da katin intanet, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin. Abin da bai yi ba shi ne ya zauna da dattijon su tsayar da kalmomi tun farko. Ya yi niyya. Amma da ya durƙusa a zauren, ya ga farin gemu, sai ya ji nauyin ya ce wa uban matarsa ga kalmar da za ka yi amfani da ita.

Da aikin Malam na farko ya iso, Jelani ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Shi a nasa ɓangaren ya bi abin da bakin masu gyara ya saba: kanel kanel ne, amsoshin nan uku kuwa a ciki, modul, a kashe. Malam bai bar ko ɗaya ba. Kanel ya zama zuciya. Abin da aka gina a ciki ya zama ɗan gida, wanda ake kira ranar bukata ya zama baƙo, wanda aka bari waje ya zama bare. Akwai kuma wani tambari da ake manna wa tsofaffin abubuwan da masu manhajar suka daina so a yi amfani da su amma ba su cire ba tukuna. Jelani ya kira su tsohon yayi. Malam ya buga musu makaruhi.

To a nan yaƙi ya fara, irin yaƙin da ba a taɓa ɗaga murya a cikinsa ba. Kowace Juma'a bayan masallaci Jelani zai je Ƙofar Atiku, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya gaida Malam, ya tambayi lafiyar ƙafa, a yi zancen zafi da tsadar gero, a yi addu'a, ya tashi. Kalma ɗaya ta aikin ba ta shiga tsakaninsu. Sai ya koma gida ya sauke wa Khaula duk abin da ya haɗiye. Ita kuma idan ta kai wa iyayenta abinci, sai ta tace maganar ta zuba mata zuma, ta ce wai Baban Safiya, kamar yadda suke kiran Jelani da sunan 'yarsa, yana ganin ko masu gyara sun fi sabawa da modul. Malam ya murmusa ya ce:

“Ki hwaɗa ma mijinki, harshen da ad da kalmar baƙo ba shi buƙatar aron modul.”

Khaula ta dawo da wannan, ta sake tacewa, amma Jelani ya san muryar surukinsa ko an wanke ta sau nawa. Ya ce ta koma ta ce masa mai gyara ba waƙa ya zo saurare ba, aiki ya zo yi. Ta ce ita ba za ta faɗi haka ba. Haka aka yi shekaru, kowa yana zuba kalmarsa a gonarsa, Khaula tana kai da kawowa da kwanon tuwo a hannu da saƙo a baki, har ta kai idan ta ji an ce modul ko baƙo sai kanta ya sara. Mai gyaran da ya buɗe tambayoyin kuwa zai fara da kanel, ya gangara ya tarar da zuciya, ya ɗauka wani sabon abu ne, ya kira Jelani a waya. Jelani ya yi bayani, ya kashe waya, ya yi tsaki mai tsawo.

Abin ya kai maƙura ranar da Lawwali ya kira shi. Lawwali mai gyara ne a Gawon Nama, mutumin kirki mai tabon sujada, wanda wata makarantar Islamiyya ta matan aure ta ba aikin tayar mata da tsofaffin kwamfutocin da aka ba ta sadaka. Ya gama, sun tashi, amma ko ɗaya ba ta karɓar rubutu, ka danna kibod har yatsa ya yi ciwo. Jelani ya hau kabu-kabu cikin ranar nan ta bazara ya je. Bai daɗe yana dubawa ba ya ɗago ya tambayi Lawwali wa ya ce ya rufe tsohon nau'in kibod, alhali kwamfutocin nan sun girmi wasu ɗaliban.

“Malam Jelani, kai da kanka,” in ji Lawwali, yana mamakin tambayar. “An rubuta makaruhi. Ni ko in buɗe makaruhi cikin makarantar da aka karatun Alƙur'ani? Dut na ruhe su, ban bar ko guda ba.”

“Kibod na, Lawwali. Kibod ba shi da zunubi.”

Lawwali ya ce shi dai abin da ya gani a rubuce ya bi, kuma ya ji an ce babban malami ne ya rubuta. Jelani ya rasa wanda zai kama da faɗa. Ya yini yana sake ginin, gumi na ɗiga a kan tabarau, kuma a hanyar komawa ya sha alwashin wannan Juma'ar zai faɗa wa Malam baki da baki, surukuta ko ba surukuta. Juma'a ta zo, ya je da maganar a shirye, har ya yi ta maimaita ta a kan hanya. Ya tarar da Malam a kishingiɗe, ya rame, carbi na zamewa daga yatsunsa. Dattijon ya dube shi ya daɗe, kamar mai jiran wani abu. Jelani ya buɗe baki ya ce Allah shi gafarta Malam, ya ƙarfin jiki? Aka yi zancen zafi, aka yi addu'a, ya tashi ya sa takalminsa. Kafin ruwan farko ya sauka Malam Abdulwahabu ya rasu.

Jelani ya yi kuka a makabarta, kukan gaske, domin yana ƙaunar mutumin nan fiye da yadda ya taɓa nunawa. Aikin ya kwanta kusan shekara, ya ci gaba da cike nasa ɓangaren jefi-jefi, bai taɓa na marigayin ba. Sai ga saƙo daga Rahama, wata ma'aikaciyar kwamfuta a Kaduna da ƙungiyar ta ɗora wa duba fassarar Hausa. Rahama ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ta ce za a fitar da sabon zubi na manhajar bayan babbar Sallah, kuma an yanke cewa duk harshen da ke kiran abu ɗaya da suna biyu za a cire shi, saboda yana jefa mutane cikin ɓarna. Ta ce ta karanta ta Hausa ta ga kamar mutum biyu ne ke faɗa a ɗaki ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ita ba ruwanta da kalmar wa za a ɗauka. A ɗauki ɗaya, ko Hausa ta fita.

Gaskiya ita ce da Jelani ya karanta saƙon, wani ɗan daɗi ya ratsa shi, ya kuma ji kunyar daɗin. Ga shi dai duniya ta tsaya a bayansa. Nasa ɓangaren ya ninka na Malam sau uku, hankali ma ya san ƙaramin ne zai bi babba, aikin yini biyu ne a share baƙo a sa modul. Ya zauna da hantsi a tsakar gida ya buɗe ɓangaren kibod, ya fara da layin farko. Khaula tana shanya, ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ga sunan da ke gefen layin ya canza.

Ga yadda abin yake. Ma'ajiyar aikin tana rubuta, a gefen kowane layi, sunan wanda ya taɓa shi daga ƙarshe. Layukan Malam duk suna ɗauke da Abdulwahabu. Da Jelani ya gyara kalma ɗaya, sai sunan ya koma Jelani. Khaula ta ajiye zanen da ke hannunta ta tambaye shi ina sunan Baba ya tafi. Ya yi mata bayani cewa bai ɓace ba, yana can cikin tarihin aikin, duk mai so zai iya tonawa ya gani. Ta ce wa zai tona? Sannan ta gaya masa abin da bai sani ba. Tun bayan rasuwar, duk ranar da ta je gida sai mahaifiyarta Iyatu ta sa ta buɗe shafin a waya, ta yi ta ja da yatsa tana kallon sunan yana wucewa. A wurin tsohuwar wannan sadaka ce mai gudana, duk wanda ya karanta layi ya amfana, lada na isa kabarin mijinta. Jelani ya ce lada ba ta bin sunan da ke gefen layi, Allah ya san wanda ya yi aiki. Khaula ta ce haka ne, to ya je ya faɗa wa Inna da bakinsa, ita ta gama ɗaukar saƙo.

Ya je da la'asar. Iyatu tana zaune a kan tabarma a gindin dalbejiya tana tsinke zogale a faranti. Ya durƙusa daga nesa, ta ce Baban Safiya ya matso ya zamna, ya ɗan gusa kaɗan. Bayan gaisuwa ya shiga bayani, kansa a ƙasa, ya kawo zancen Rahama, ya kawo na babbar Sallah, ya ce in ba a yi ba aikin Malam da nasa duka za su tafi a banza. Ya kawo zancen Lawwali da makarantar mata a ƙarshe, don shi ne babban makaminsa. Tsohuwar ba ta daina tsinke ganye ba har ya gama.

“Ni ban san boko ba,” ta ce, “amma na san sunan Malam in na gane shi. Zancen Lawwali kuwa ba sabo na ba gare ni. Ya riga ka zuwa wurin Malam. Ranar da kaz zaka, Malam ya san abin da yak kawo ka. Da kat tahi yac ce min, yaron ga ya sake haɗiye maganatai. Yac ce da ya hwaɗi, da na bar mai makaruhin ga, don shi ad da gaskiya wurin ga. Sauran ko sai mun kai ruwa rana.”

Jelani ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a baya. Ya daure ya ce to Inna, tunda shi da kansa ya yarda.

“Ya yarda ka hwaɗa mai. Ba ka hwaɗa ba.” Ta ajiye farantin. “Shina da rai ka kasa ɗaga ido ka ce mai ya yi kuskure. Yanzu da ba shi iya maida maka magana kaka son ka kada shi? Ni ba ni hana ka, aikinku na. Amma kak ka ce ni nib ba ka.”

Bai san yadda ya yi sallama ba. A ƙasa ya taka daga Ƙofar Atiku har gida, yana jin haushin tsohuwar, da na Rahama, da na Malam da ya zauna yana jira maimakon ya yi magana, shi da yake babba. Wanda ya fi jin haushinsa duka shi ne kansa, namiji mai gemu da ya fi shekara arba'in, wanda duk layin Ƙofar Marke ke shakkar bakinsa, amma ya kasa furta jimla ɗaya a zaure. Da ya isa gida ya buɗe kwamfuta, ya janye gyaran layin nan guda da ya yi, sunan Abdulwahabu ya dawo wurinsa. Sannan ya buɗe nasa ɓangaren, ya daɗe yana kallonsa, ya share modul na farko ya rubuta baƙo.

Ba aikin yini biyu ba ne wannan. Kalmomin Malam ba sa shiga gurbin nasa haka kawai, kowace jimla sai an kwance ta an sake ɗinkawa, ga su dubbai. Ya rufe rabin ƙofar shago, ya daina karɓar sabon gyara, masu kawo kwamfuta suka fara wucewa shagon gaba. Wuta ta zo ta tafi yadda ta ga dama, janareto ya yi ta tari, zafi kuwa irin wanda ko fanka ta juya iskar tanda take kawowa. Maƙwabta suna jin sa yana magana shi kaɗai. Ya rubuta ɗan gida ya ce ɗan gidan uban wa. Ya rubuta bare ya yi tsaki. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wani lokaci jimlar takan fito ta fi tasa ta da gajarta da daɗin karatu, kamar inda ya sami kansa ya rubuta cewa wannan baƙo ba ya zuwa sai ɗan gida kaza yana nan. Ya karanta ta, ya ga ko Lawwali zai gane ta a karo ɗaya, ya buga tebur har sukurori suka watse.

Makaruhi kuwa bai taɓa yafe masa ba. Ya bar shi a duk inda Malam ya sa shi, ya kuma ɗauke shi da hannunsa ya dasa a nasa ɓangaren, yana cije leɓe. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya ƙara sabon layi a ƙarƙashin kowanne, layi nasa da sunansa, mai cewa wannan ba hukuncin addini ba ne, idan na'urarka tsohuwa ce ka bar shi a buɗe. Ya san rabin masu gyara ba za su karanta layi na biyu ba. Ya san kuma wayar wa za su kira.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, raguna sun cika bakin titi, ya aika wa Rahama. Ta amsa a taƙaice cewa yanzu bakin mutum ɗaya take ji, Hausa ta zauna. Khaula ta kai wa Iyatu labari, ta buɗe mata shafin, sunan yana nan yana wucewa. Tsohuwar ta aiko wa Jelani cinyar rago ranar Sallah, ba tare da saƙon komai ba. Ya ci, bai ce ta yi daɗi ba.

Tun daga nan wayarsa ba ta huta ba. Daga Gusau a kira, daga Birnin Konni a kira, wannan ya rufe makaruhi sauti ya ɗauke, wancan yana tambayar ko baƙo na iya zama ɗan gida. Yana amsawa da faɗa, suna kuma sake kira. A layin Ƙofar Marke har an fara jin mai gyara ya ɗaga murya ya ce wa na shagon gaba ya mai da katin nan baƙo ya gani. Jelani yakan ji, ya yi kamar bai ji ba.

Bayan damina wani sabon ɗan sa-kai ya shiga ƙungiyar, Saifullah, injiniya daga Kano, mai zafin nama da ladabi. Ya nemi lambar Jelani ya kira shi wata ranar Asabar da yamma, Jelani na zaune a tsakar gida yana jiran abinci. Saifullah ya yaba aikin ƙwarai, sannan ya ce yana da 'yar shawara. Ya ce kalmomin nan suna da kyau amma sun yi kama da wa'azi, masu gyara ba haka suke magana ba. Me zai hana a ce kanel, a ce a ciki, modul, a kashe? Makaruhin nan kuwa, ai tsohon yayi ya fi dacewa. Ya ce shi zai ɗauki nauyin gyaran duka, Malam Jelani ba sai ya wahala ba.

Kalmominsa ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron ya tono su daga inda ya binne su. Shekaru yana neman mutum guda a duniya da zai faɗi haka. Jelani ya miƙe tsaye.

“Modul?” ya ce. “Modul ɗan wa? Kai yaro, harshen da ad da kalmar baƙo mi zai yi da aron modul?”

Ya ci gaba, ba ya ko numfasawa. Ya ce mai gyara ya san baƙo tun kafin ya san kwamfuta, ya san ana kiransa ya zo ya tafi, wa ya taɓa ganin modul a gidansu? Ya ce layin da ya ga sunan Abdulwahabu a gefensa kada ya kuskura ya sa masa hannu. Saifullah yana ta ba da haƙuri a can, yana cewa shawara ce kawai. Sai Jelani ya juya ya ga Khaula a bakin madafa da tire a hannu, ta tsaya cak, hawaye na zuba, tana kuma ƙoƙarin danne dariya. Ya katse wayar.

“Baban Safiya,” ta ce, “ko ka san da bakin wa kaka magana?”

Ya zauna a hankali, ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

“Kuma har gobe makaruhin ga kuskure na,” ya ce.

Ta ajiye tiren a gabansa ta ce ta sani, Baba ma ya sani. Wayar ta sake ƙara. Lawwali ne daga Gawon Nama, wata kwamfutar ta ƙi karɓar rubutu.